Me Ta Bari Don Ta Zauna Da Ke?

Masu karatu, ku yi min afuwa, na san na yi shiru kwana biyu. Wata a cikinku har ta rubuto tana tambaya ko dai an ɗaura ne ba gayyata. Baiwar Allah, da an ɗaura ai da kin jiyo guɗa daga Yelwa har inda kike. Ina nan inda kuka bar ni, a ɗakin Inna, tsakanin kwalaben magani da warin man zafi.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Mufida. Ni ce auta a gidanmu, ni kaɗai ce kuma mace. Tun shekarar da na gama bautar ƙasa hawan jini ya kayar da Inna a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Yayyena maza duk sun watse da iyalansu, babbansu Yaya Haruna yana Birnin Kebbi, shi ne uba yanzu. Kuɗin magani yana turowa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma wanka, da juyi, da ɗaukar fo, da ba da abinci a baki, da gashin hannu safe da yamma, wannan duk na Mufida ne. Duk ranar da ya kira ya ce, "Auta, ya jinya? Kina iyawa dai ko?" amsata ɗaya ce: "Ba komai Yaya, alhamdulillahi."

Sai Zulkiflu. Tare muke aiki, shi ne mai lissafin ƙungiyarmu, a wayata ma "Mai Lissafi" na sa masa. Dogo ne, mara hayaniya, irin mazan da ke goge hula kafin su goge takalmi. Bara ya tura kawunsa wajen Yaya Haruna, aka ce masa a ɗan dakata sai Inna ta miƙe. Ni da nake zaune cikin likitoci na san Inna ba miƙewar da Yaya yake nufi za ta yi ba. Za ku ce me ya hana ita Innar ta sa baki? To, Yaya Haruna ɗan fari ne. Tunda na buɗe ido ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, "na Birni" take ce masa. In ya zo gaishe ta, fuskarta bango take kallo, ta amsa a taƙaice, ya ajiye abin da ya kawo ya fita. Uwar da ba ta iya haɗa ido da ɗanta, ita ce za ta ja da shi a kan maganar aure?

Bari in ɗan gaya muku aikin namu, don a kansa rigimar ta tashi. Tattalin arziki na karanta a Sakkwato, ba likitanci ba. Ƙungiyarmu tana tsara wani gwaji ne a kan masu shanyewar jiki a Yauri da Ngaski da Shanga. Za a raba ƙauyuka gida biyu ta hanyar kuri'a, don kada a ce an yi son kai. Rukuni ɗaya za su riƙa kawo mara lafiya asibiti duk wata kamar yadda aka saba. Ɗaya rukunin kuma ma'aikacin lafiya ne zai bi su gida, a babur ko a jirgin ruwa, ya koya wa wani a gidan awon jini da gashi da ba da magani. A ƙarshe a ga su wa suka fi samun sauƙi. Amma samun sauƙi kaɗai bai isa ba, don gwamnati sai ta tambaya: nawa aka kashe kafin a samu sauƙin nan? Nan ne nawa aikin. Ni ke tsara yadda za a bi sawun kowace ɗawainiya, daga man jirgi da albashin ma'aikaci har kuɗin mota da mutum ya biya da yinin da ya rasa a gona. Kuma dokar aikin ita ce, abin da ba a sa a tsari ba kafin a fara, ba a cusa shi daga baya.

Makon jiya muka fita gwada tambayoyinmu, mu ga ko mutane suna fahimtarsu. Na roƙi maƙwabciyarmu ta zauna da Inna, na sa atamfata ruwan toka da dogon hijabi baƙi, na ɗaura rigar hana nutsewar nan mai ruwan lemu a kai kamar buhun albasa. Muka shiga jirgi daga bakin ruwa muka nufi wani gungu, wato tsibiri, can ƙasa wajen Ngaski. Zulkiflu na gaba yana kare kwamfutarsa daga feshin ruwa da jikinsa, ni ina baya cikin mata ina kallon ƙeyarsa. Ko sau ɗaya bai waiwayo ba, haka muke yi a gaban mutane.

A gungun na shiga wani gida na tarar da wata mata, Dudu, ba za ta girme ni sosai ba. Babanta na kwance a rumfa, shi ma ɓarin jiki. Na gaishe su, na zauna a turmi, na karanta tambayar yadda na rubuta ta da hannuna.

"A yini, kamar awa nawa kike yi wajen jinya? Kuma in za a kimanta da kuɗi, nawa kike ganin kina asara?"

Ta dube ni kamar na zage ta.

"Asara? Malama, ubana na hwa."

"Na sani, ba wai..."

"Wa ka ƙirga abin da yay yi ma uwayenai? Shi da yag goya ni ya ƙirga? Ba komi. Rubuta ba komi."

Na rubuta. Amma ina rubutun idona na kan bayan ɗakinta, inda gangunan bandar kifi suke jere har uku, sun yi sanyi, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin ɗaya, kaza ta yi ƙwai a cikin ɗaya. Duk gidan da ke gungun hayaƙi na tashi, ban da nata.

Haka muka sha a Wara, haka a Shanga. Matan aure, zawarawa, 'yan mata, har da wani magidanci da ke jinyar tsohuwarsa. Kowa "ba komai", wasu har da "Allah ya kiyaye". Ni kuwa na dawo gida na tarar Inna ta ɓata shimfiɗa, maƙwabciya ta ji nauyin taɓa ta. Ko hijabin ban cire ba na ɗora ruwa.

Ranar Litinin aka zauna taro a ofis. Shugabanmu Dakta Elijah, mutumin Wara ne, dattijo mai son a gama magana kafin shayinsa ya huce. Ya ce mako mai zuwa za a miƙa tsarin ga kwamitin da ke ba da izini, don haka duk abin da za a gyara a gyara yau. Zulkiflu ya haska alƙalumansa a bango.

"Gurbin lokacin mai jinya, Dakta, shawarata a cire shi. Duk wanda aka tambaya sifiri ya bayar. Tambayar tana ɓata wa mutane rai, tana cin lokaci, kuma ba ta kawo komai."

Ban jira a ba ni dama ba.

"In aka cire shi," na ce, "ai an gama gwajin tun ba a fara ba. Dole kula a gida ya fito da araha, tunda an kwashe aikin nas an ɗora wa wata a gida an ce kyauta ne. Gobe gwamnati ta ga takarda ta ce ga hanya mai sauƙi, a yi ta ko'ina. Wa zai ɗauki kayan? 'Ya'ya mata."

"Ban ƙi ba. Amma ni abin da aka faɗa nake lissafawa, Malama Mufida. Ba zan ƙirƙiro lamba ba."

"Sifirin ma ai ƙarya ce!"

"To ƙaryar wa? Tawa ko tasu?"

Dakta Elijah ya ajiye kofinsa. "Ku biyun nan kuna da gaskiya, shi ya sa kuke ba ni ciwon kai. Mufida, na ba ki zuwa Alhamis. Ki kawo min hanyar da za a yi tambayar nan mutane su amsa. In babu, mu rubuta cewa ɗawainiyar asibiti kaɗai muka auna, mu wuce."

Na tattara jakata na fita ko sallama ban yi ba. A gindin dalbejiyar da ke bakin ofis Zulkiflu ya cim min, ina ƙoƙarin tare mai babur.

"Mufida."

"Malama Mufida dai. Ci gaba da yadda ka fara."

"A ofis muke ai."

"Zulkiflu, kai da bakinka? Kai da ka san yadda nake kwana, ka san rabona da bikin wata ƙawa, ka tashi a gaban mutane ka ce jinya sifiri ce?"

Ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar. In ya yi haka, magana mai nauyi ce ke tafe.

"Ni ban ce ba. Ke kika ce."

"Ni?"

"Sau nawa na tambaye ki ko kin gaji? Me kike ce min? Yayanki in ya kira, me kike ce masa? Kawu ya koma wajensa bayan sallah, kin san abin da Yayan ya ce masa? Ya ce Auta ba ta taɓa kuka da jinya ba, ita da kanta ta ce ba komai, to gaggawar me ake yi? Da amsarki ya kore mu, Mufida. Kina fushi da Dudu, ke ce Dudu."

Wallahi masu karatu, da mari ya yi min da ya fi sauƙi. Na hau babur ban ko yi ciniki ba, ina jin hawaye na bin cikin hijabina har muka wuce kasuwa.

Da la'asar ina dama wa Inna kunu saƙonsa ya shigo.

"Ki yafe min zafin maganar, amma ba zan janye ta ba."

Na ci gaba da dama kunun. Wani ya biyo.

"Aikin Zariya da na gaya miki, sun ce suna jiran amsata ƙarshen wata. Mahaifiyata kuma ta ce in ba a tsayar da magana kafin azumi ba, za ta nemo min da kanta. Na gaji da ba ta haƙuri."

Na rubuta "Allah ya ba da sa'a", na goge. Na rubuta "To ka tafi mana", na goge. Na uku ya shigo.

"Ba cewa na yi ki bar Inna ba. A ɗauko mai taya ki, yayyenki su karɓi nasu kason, in zauna a Yauri in ƙi Zariya. Duk mai yiwuwa ne. Amma sai kin buɗe baki kin ce wa Yaya Haruna abin nan yana cin ki. Kalma ɗaya. Ni ba zan iya faɗa a madadinki ba."

Na kife wayar a kan firji. Kunun ya yi gudaji, na tace shi na sake.

Ku da ke nesa za ku ce mene ne abin wahala a kalma ɗaya. Ku gwada. Ku ɗaga waya ku ce wa babban wanku, na gaji da uwar da ta haife ni. Ko ba haka kuka faɗa ba, haka za a ji shi, haka kuma za a maimaita shi a gidan suna da gidan biki har ku mutu. Ni ba na ƙin jinyar Inna. Ina son matar nan fiye da numfashina. In na gama yi mata wanka na shafa mata hoda na ɗaura mata kallabinta mai ruwan goro, ta dube ni da rabin murmushin da ya rage mata, ba abin da ya kai wannan. Amma kaɗaici yana ci na. Gidan da da yake cike, yanzu daga ni sai ita sai ƙarar fanka. Ƙawayena tun suna gayyata har sun daina. Hirata ta fi yawa da tukunya. Shekaruna suna tafiya ina kallo, kuma mutum ɗaya da ya tsaya ya jira, ga shi yana duba hanyar Zariya.

Talata da Laraba ban je ofis ba, na ce ina aiki a gida. Shi bai sake rubutowa ba, ni ma ban tanka ba. Na riƙa buɗe hoton da ke kan lambarsa ina rufewa, wai shi a bakin ruwa da farar shadda yana kare rana da hannu.

Ranar Laraba da hantsi ina shanya zannuwan gado, gangunan Dudu suka faɗo min a rai. Matar nan ba za ta taɓa cewa ta yi asara ba. Amma da tsohon da ke kwance a rumfa na tambaya, shi ai ya san yaushe hayaƙi ya daina tashi a gidansa. Ɗa ba ya ƙirga abin da ya yi wa iyaye, wannan kunya ce. Amma iyaye su faɗi abin da ɗa ya yi musu, ai wannan sa albarka ne, har so suke a tambaye su. To me zai hana a bar mai jinya, a tambayi mara lafiyan? Kuma kada a ambaci awa ko kuɗi. A tambayi abin da aka bari. In an ce bandar kifi, mu a ofis mun san yadda za mu kimanta bandar kifi. In mara lafiyan ba ya iya magana, a tambayi wani babba a gidan.

Na bar zani ɗaya a cikin bokiti na ruga ɗaki. Da yake yawancin ma'aikatanmu da murya ake tura musu tambayoyi, don kowa ya yi su iri ɗaya, sai na ce bari in ɗauka a waya in tura wa Dakta Elijah. Inna na kwance ta juya baya, na ɗauka barcin hantsinta take yi. Na zauna a bakin katifata na rage murya.

"Baba ko Inna, wa ke jinyarki a gidan nan? Kafin ki kwanta, wace sana'a take yi, ina take zuwa? Me ta bari don ta zauna da ke?"

Ban ji daɗin yadda ta fita ba, na sake. Ina kai ƙarshe a karo na biyu sai na ji daga gado:

"Ɗiyata ta."

Na waiwaya da sauri.

"Inna, ba da ke nake ba, aikin ofis ne. Koma barcinki."

"An tambaya." Harshenta na ja da ƙyar, kowace kalma sai ta yi dambe da ita. "Ɗiyata ta. Muhida."

"Inna..."

"Ta bar aikin Kaduna da anka kira ta. Ta ce min ba su ɗauke ta ba. Na ga takardar."

Ban san ta sani ba. Na dafe bakina.

"Ta bar bukin ƙawayenta. Ta bar kwana. Ta bar kitso, dubi kanta." Ta tsaya ta haɗiyi yawu, na taso zan goge mata baki ta ture hannuna da na hagunta. "Ta bar yaron ga mai kawo man lemu. Shina zuwa, shina gaishe ni, shina tahiya. Yanzu ya bar zuwa."

"Inna don Allah ki bari. Ba komai, wallahi ba ko..."

"Hwaɗa ma wani."

Ta yunƙura tana son juyowa, na tallafe ta na jingina ta da filo. Kallabinta ya zame, furfurarta ta fito. Ido ɗaya na zubar da hawaye, ɗayan a bushe, haka ciwon ya mayar da ita. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take min ina yarinya in na ɓoye ciwo.

"Kullum ina jin ki kina ce mai ba komi. Ina jira ki hwaɗi, ke kina jira in hwaɗi. Kunya ta ci mu, ni da ke."

Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da na daɗe ina adanawa. Tana shafa min kai da hannun da ke motsi. Wayar na gefe, ashe ban tsayar da ɗaukar ba, duk tana ciki. Can na ji ta ce:

"Wayag ga taki, da kuɗi ciki?"

"Akwai, Inna. Wa za a kira?"

Na ɗauka za ta ce maƙwabciya, ko ƙanwarta ta Shanga. Ta gyara zama, ta ja kallabinta da kanta ta rufe kai, kamar mai shirin karɓar baƙo.

"Kira man Haruna."

Masu karatu, na ɗago na dube ta. Na zaci kunnena ne.

"Na Birni, Inna?"

"Haruna nac ce. Ni na haihe shi, ni na san sunan da anka raɗa mai."

Na nemo lambar. A saman allon ga sunan Mai Lissafi, saƙonsa na nan tun Litinin ba amsa. Na danna kiran Yaya, ta yi ƙara har na fara addu'ar kada ya ɗauka. Ya ɗauka, da hayaniyar ofis a bayansa.

"Auta, lafiya da hantsin nan? Ya jinya, kina iyawa dai ko?"

Bakina ya buɗe da kansa, tsohuwar amsar ta riga ta hau harshena. Inna ta miƙo hannun hagu ta zare wayar daga kunnena, ta kai nata.

"Haruna," ta ce. "Ni ta. Zamna, magana za mu yi."

Hayaniyar da ke bayansa ta ɗauke ɗif, na ji ƙarar ƙofa ya rufe.